Kwamfuta huɗu a gida ɗaya: lasisin Windows nawa za a saya?

Tambayar ta zo ne daga wani magidanci a Yamai: "A gidana akwai kwamfuta huɗu. Laftof ɗina HP ce 'yar gwanjo, da Windows 10 a kanta. Uwargida tana da Lenovo da take lissafin shagonta da ita. Akwai tsohuwar Dell ta tebur da yara ke karatu a kai, har yanzu takardar Windows 7 na manne a jikinta. Ta huɗu sabuwa na saye ta babu komai a ciki, mai gyara ya zuba mata Windows, yanzu kuma kullum sai ta rubuto mini cewa lasisi ya kusa ƙarewa. Ina son duka su koma Windows 11. Lasisi ɗaya zai ishe su, ko sai na sayi huɗu? Nawa zan tanada?"

Malam, lasisi ɗaya ba ya ɗaukar inji huɗu. A tsarin Microsoft kowace kwamfuta da nata, kamar yadda kowane babur yake da tasa takardar ko da duk na mutum ɗaya ne, a zaure ɗaya suke kwana. An taɓa yin abin da kake nema: a 2009 kamfanin ya fitar da kunshin iyali na Windows 7 mai ɗaukar inji uku a kan dalar Amurka 150, amma Windows 10 da 11 ba su da irinsa. Sai dai hakan ba ya nufin ka ɗebo kuɗin lasisi huɗu. Yadda ka siffanta injunan nan, mai yiwuwa biyu sun zo da nasu tun daga masana'anta, ɗaya ba ta cancanci a kashe mata ko dala ba, ɗaya ce kaɗai za ta sa ka sa hannu a aljihu.

Ga farashin, don ka san girman abin da ake magana a kai. A shagon Microsoft na Faransa, Windows 11 Famille, wato nau'in gida, yuro 145 ne, Professionnel na ma'aikatu kuma yuro 259. Tunda kuɗin Sefa ɗaure yake da yuro, kusan Sefa 656 a kan kowane yuro ɗaya, na farko ya kama kusan jaka 95, na biyu kusan jaka 170. Inji huɗu a kan Famille jaka 380 ke nan, a kan Professionnel kusan jaka 680, ban da abin da banki zai cire in ka biya da katin Visa. A shagon Amurka dalar Amurka 139 ne da 199. Kuɗi ne da ya isa a tsaya a duba kowane inji kafin a saki ko kaɗan daga cikinsa.

Duba na farko ba ya cin komai sai minti biyar a kan kowace kwamfuta. Buɗe Invite de commandes, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, da izinin mai gudanarwa, ka rubuta slmgr /dli ka danna Entrée. Wata 'yar taga za ta fito da sunan nau'in Windows ɗin, da layin da ke ƙarewa da sunan hanyar da lasisin ya biyo. Wannan layin ne ke faɗa maka gaskiyar injin. In ka ga OEM_DM, lasisin kamfanin da ya ƙera injin ne, HP ko Dell ko Lenovo ya biya, kuma lambar tana rubuce a cikin BIOS, 'yar manhajar da ke cikin injin kansa wadda ke tayar da shi kafin Windows. Haka ake yi tun fitowar Windows 8 a 2012, shi ya sa injunan da suka zo bayan nan ba su da takarda mai lamba a ƙarƙashinsu. Irin wannan lasisin na injin ne, ba ya ƙaura zuwa wani, amma kuma ba ya ɓacewa: goge diski, canza shi da SSD, ƙara RAM, duk ba sa taɓa shi. Abin da ke kashe shi ɗaya ne, a canza babban allon cikin inji, wanda masu gyara ke cewa kat-mer.

In ka ga RETAIL, ka ƙara duba haruffa biyar na ƙarshen lambar da tagar ta nuna. In 3V66T ne a kan Professionnel ko 8HVX7 a kan Famille, to ba lambar da wani ya saya ba ce. Lambar gama-gari ce da Windows ke sa wa injin da ya samu lasisin dijital, misali wanda ya hau Windows 10 kyauta daga 7 ko 8. Lasisin yana ajiye a sabar Microsoft, haɗe da shaidar kayan cikin injin. Mutane da yawa suna kwafe wannan lambar a littafi suna zaton sun adana dukiya, ranar da suka sa ta a wani inji ta ƙi. In kuwa haruffan daban ne, kuma akwai rasidin saye, wannan shi ne lasisin da ke bin mutum: kana iya cire shi daga tsohon inji da slmgr /upk ka kai shi sabo, sharaɗin dai kada ya zauna a inji biyu lokaci guda.

Na uku shi ne VOLUME_KMSCLIENT, kuma ina kyautata zaton shi za ka tarar a kan sabuwar taka. An yi wannan hanyar ne don manyan ma'aikatu da jami'o'i masu sabar kansu, inda kowane inji ke komawa ya sabunta izininsa, izinin kuma na kwana 180 ne. A kwamfutar gida, ganinsa na nufin ɗayan biyu: ko injin daga wani kamfani ya fito ba a goge shi ba, ko an sa masa 'yar manhajar da ke kwaikwayon sabar don ta yaudari Windows. Da manhajar ta daina aiki, galibi saboda Defender, mai tsaron Windows daga ƙwayoyin cuta, ya kama ta ya share, sai kwanakin su fara ƙarewa, saƙon "Votre licence Windows va bientôt expirer" ya fara fitowa. Rubuta slmgr /xpr za ka ga ko izinin na dindindin ne ko yana da ranar ƙarewa.

Kafin ka yanke wa inji hukuncin rashin lasisi, ka leƙa BIOS ɗinsa ko da lamba a kwance. A PowerShell, wata tagar umarnin ta Windows, ka rubuta (Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey. In haruffa 25 suka fito, injin yana da halastaccen lasisinsa. Wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato: laftof ta zo da Famille a cikinta, mai gyara ya zuba mata Professionnel saboda shi ne a kan kile USB ɗinsa, wato filashi, ya ƙi kamawa, sai ya rufe matsalar da manhajar yaudara. Mai injin yana zaune da Windows na sata a kan kwamfutar da aka riga aka biya wa na halal. Maganinsa a sake zuba nau'in da ya dace da lambar, ba a sayi komai ba.

Wannan ɓangaren lasisi ke nan. Hawa daga Windows 10 mai lasisi zuwa 11 kyauta ne, Famille ya koma Famille, Professionnel ya koma Professionnel. Inda gizo ke saƙar shi ne kayan cikin injin. Windows 11 yana neman RAM giga 4, wurin ajiya giga 64, UEFI (sabon salon BIOS) mai Secure Boot, TPM 2.0 (ɓangaren tsaro da ke cikin injin), da furosesa (ƙwaƙwalwar injin) da ke cikin jerin da Microsoft ya amince da su. A aikace, Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama, AMD daga Ryzen 2000. Gane zuriyar ba wuya: danna maɓallin Windows da R, rubuta msinfo32, duba sunan furosesa. A i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zuriyar, ta 8, ya wuce. i5-7200U ta 7 ce, bai wuce ba, duk da cewa a aikin yau da kullum ba za ka ji wani babban bambanci ba tsakaninsu. i5-1035G1 ta 10 ce, a nan lambobi biyu ake karantawa.

Kada ka dogara da sunan samfurin da ke jikin murfi. EliteBook 840 G3 zuriya ta 6 ce, G4 ta 7, G5 yawanci ta 8, amma akwai G5 da suka fito da furosesa ta 7. Haka ThinkPad T480 da Latitude 5490, akwai masu ta 8 akwai masu ta 7. T470 kuwa ba ta kai ba ko ta wace fuska. Wanda zai sayi 'yar gwanjo a Babbar Kasuwa ko a wani shago cikin gari, ya sa a kunna masa ita ya karanta da idonsa.

TPM ɗin ma ana yawan yi masa gurguwar fahimta. Rubuta tpm.msc, in ya ce bai samu ba, kada ka ce babu. A injuna da yawa, musamman na tebur, yana nan amma a kashe yake a BIOS, da sunan PTT a kan Intel ko fTPM a kan AMD. Kunna shi kawai za a yi. Sai kuma injin da aka zuba wa Windows ta tsohuwar hanya, msinfo32 yana nuna yanayin BIOS ɗinsa "Hérité" maimakon UEFI. Shi diskinsa yana kan tsohon tsari mai suna MBR ne, kuma in ka je ka juya BIOS zuwa UEFI kai tsaye ba zai tashi ba. Sai an fara juya diskin da mbr2gpt /validate /allowFullOS, in ya amince a bi da mbr2gpt /convert /allowFullOS, sannan a canza BIOS. A kwashe fayiloli zuwa wani diski kafin a taɓa wannan, ba bayan ba.

To, a ɗauki injunanka. HP ɗinka, in daga jerin EliteBook ko ProBook take, akwai kyakkyawan zaton Professionnel na kwance a BIOS ɗinta, domin kamfanoni da shi suke sayensu. In furosesa ta 8 ce ko sama, Windows Update zai ba ka 11 ba tare da ka biya komai ba. Lenovo ɗin uwargida haka, sai dai ita ce injin da ya fi kamata a yi taka-tsantsan da shi tunda lissafin shago na ciki. A tabbatar manhajar da take lissafi da ita da injin buga rasidi suna aiki a kan 11. Bayan hawa akwai kwana 10 da za a iya komawa 10 ta Paramètres, Système, Récupération. In sun wuce, Windows ya share tsofaffin fayilolinsa, sai dai a zuba sabo.

Dell ɗin yara ita ce ba zan ba ka shawarar kashe mata kuɗin lasisi ba. Lambar Windows 7 da ke jikinta ta yi shekaru tana buɗe Windows 10 kyauta, amma Microsoft ya toshe wannan ƙofar a watan Satumban 2023. In an riga an hau da ita Windows 10 kafin lokacin kuma ya kama, lasisin dijital ɗin yana nan, ko an goge an sake zubawa zai dawo da kansa da zarar ta shiga intanet. In ba a taɓa yi ba, takardar ta zama ado. Kuma ko da lasisin, injin zamanin Windows 7 ba zai cika sharuɗan 11 ba. In ma Core 2 Duo ne, daga fitowar Windows 11 ta 2024 mai suna 24H2 ko dabara ba ta tayar da 11 a kansa, saboda furosesar ba ta da umarnin SSE4.2 da tsarin ke bukata. Zuba jaka 95 a kan irin wannan inji asara ce. Gara a tara kuɗin a kan wata 'yar gwanjo mai zuriya ta 8 wadda za ta zo da lasisinta a ciki.

Abin da ya dace da ita shi ne Linux, wani tsarin aiki da ake zubawa a madadin Windows. Linux Mint 22 kyauta ne, ana kula da shi har 2029, yana tashi da RAM giga 2 ko da yake giga 4 ya fi daɗi, kuma nau'insa na Xfce ba ya nauyi. Yana zuwa da Firefox da LibreOffice, da Faransanci cikakke, allon rubutu na AZERTY yana aiki ba matsala. Yaron da ke binciken darasi, yana rubuta aikin makaranta, yana kallon bidiyon koyarwa, ba zai rasa komai ba. Inda yake cizo shi ne manhajojin da aka yi wa Windows kaɗai, kamar AutoCAD ko Photoshop ko wasu manhajojin lissafin kuɗi, da wasu tsofaffin injunan buga takarda. Gwada shi daga kile USB ba tare da ka zuba ba, ka ga Wi-Fi da sauti da injin bugawa sun amsa, sannan ka yanke shawara. Akwai kuma ChromeOS Flex na Google, shi ma kyauta, amma kusan duk aikinsa a kan intanet yake, kuma gidan da ke auna giga ba zai ji daɗinsa ba.

In ya zamana HP ko Lenovo ta faɗa zuriya ta 6 ko ta 7, hanyoyi biyu ne a gabanka ban da Linux. Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro ranar 14 ga Oktoba 2025, amma ya buɗe wa masu amfani a gida shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU, wanda lokacin buɗe shi aka sa iyakarsa 13 ga Oktoba 2026. Shi ne abu ɗaya a duk wannan harkar da aka yi wa gida gaba ɗaya: biya ɗaya na dalar Amurka 30, ƙasa da jaka 20, yana ɗaukar inji har 10 muddin da asusun Microsoft ɗaya aka shiga. Ana kuma samunsa ba kuɗi in ka yarda saitunan injin su riƙa ajiyuwa a asusunka ta Sauvegarde Windows, ko da makin Microsoft Rewards 1000. Sharaɗi, injin ya kasance a kan 22H2, fitowar Windows 10 ta ƙarshe (rubuta winver ka gani), kuma lasisinsa ya kama. Gyaran tsaro ne kawai, ba sabon abu, kuma sayen lokaci ne, ba mafita ba.

Hanya ta biyu ita ce tilasta wa injin ɗaukar 11. Manhajar Rufus tana iya shirya kile USB da ke tsallake binciken TPM da Secure Boot. Ta fuskar lasisi ba laifi, wanda ke kan Windows 10 ɗin shi zai kama 11. Ta fuskar kulawa ne ake da magana: Microsoft ya faɗa a fili cewa irin wannan inji ba shi da tabbacin samun sabuntawa. Kowane fitowar shekara ta Famille da Professionnel wata 24 ake kula da ita, kuma injin da aka tilasta ba ya karɓar ta gaba da kansa, sai an sake ɗauko ISO, wato fayil ɗin zuba Windows, an yi da hannu. Ga laftof ɗin wanda ya iya hannunsa, i5 ta 7 mai SSD da RAM giga 8, abin yana tafiya. Ga injin da ake riƙe da lissafin shago, ban ga hikimar ba. Wani zai kawo maka zancen Windows 10 LTSC, wai yana da dogon wa'adi. Gaskiya ne yana da shi, amma ta kwangilar kamfanoni ake sayar da shi, wanda za a zuba maka a shago kusan tabbas na yaudara ne.

Saura ta huɗu, wadda ita ce ainihin mai cin kuɗi. Injunan da ake sayarwa da FreeDOS ko ba komai suna da rahusa ne daidai saboda ba a biya musu Windows ba, don haka binciken BIOS zai dawo fanko. Ita sai an saya mata. Kuma Famille za ka saya. Abin da Professionnel ya ƙara shi ne shiga rukunin kwamfutocin ma'aikata, karɓar haɗin Bureau à distance daga nesa, Hyper-V, cikakken BitLocker da dokokin rukuni. Bai fi sauri ba, bai fi ɗaukar manhajoji ba, jaka 75 ɗin da ke tsakani ba ta sayo wa gida komai. In wata rana bukatar ta taso, ana hawa daga Famille zuwa Professionnel da ƙarin kuɗi ba tare da an goge komai ba.

Akasin haka ne ba ya yiwuwa, kuma a nan mutane ke tuntuɓe. In mai gyara Professionnel ya zuba, lambar Famille da ka saya ba za ta shiga ba, za ta ba ka kuskure ka ɗauka an cuce ka. Saukowa sai da goge diski a zuba sabo. Hakan ma alheri ne, domin manhajar yaudarar da aka sa ba ta shiga sai an kashe Defender ko an keɓe mata wuri, kuma ba wanda zai iya rantse maka abin da ta shigo da shi. Injin da ake buɗe asusun banki ko WhatsApp a kansa bai kamata ya zauna da baƙon da ba a san asalinsa ba.

Na san za a ce maka ga lamba a intanet ko a wani shago a kan jaka 3 ko 5, kuma tana kamawa. Sau da yawa tana kamawa ɗin. Yawancinsu lambobin kwangilar kamfanoni ne ko na makarantu ko na masu rubuta manhaja, da aka tsinka ana sayar wa mutane da dama. Lamba ɗaya tana da adadin kamawar da aka ƙayyade mata. In ya cika, ko Microsoft ya gano ya toshe ta, ranar da ka sake zuba Windows za ka ga 0xC004C008, wato an yi amfani da ita fiye da ƙima, ko 0xC004C003, wato an ƙi ta. Mai sayarwar kuma ba lallai ka same shi ba. Kamawa daban, mallakar lasisi daban. Wanda bai da jaka 95 a yanzu, ya sani Windows da ba a sa wa lamba ba yana aiki, yana karɓar sabuntawa, illa rubutun da ke kusurwar allo da hana canza hoton bango da launuka. Ba halin da za a dawwama a kai ba ne, sharuɗan Microsoft suna neman lasisi, amma ya fi manhajar yaudara aminci kafin kuɗi su samu. In ka saya, ka adana saƙon rasidin, ka kuma haɗa injin da asusun Microsoft ɗinka, domin ranar da kat-mer ta ƙone aka canza, ta asusun ne za ka dawo da lasisin, a Activation, wurin warware matsala, inda ake zaɓar cewa an canza kayan injin kwanan nan.

Wani kuskuren da ba ruwansa da lasisi amma yake kama da shi: 0x80072F8F. Agogon injin ne ya ɓata. A tsofaffin kwamfutoci ɗan batirin CR2032 da ke kan kat-mer yana mutuwa, duk lokacin da aka ɗauke wuta kwanan wata ya koma shekarun baya, sabar Microsoft ta ƙi magana da injin. Canza batirin, gyara kwanan wata, shi ke nan.

Akwai kuɗin da ba ya cikin lissafin lasisi amma aljihu yana jinsa, wato data. Fayil ɗin ISO na Windows 11 ya haura giga 5, sabuntawar da ke biyo baya ma ta kai wasu gigogi. In kowane inji ya jawo nasa ta Airtel ko Moov ko Zamani, ka biya abu ɗaya sau uku. Sauke shi sau ɗaya daga shafin Microsoft, ka sa a kile USB mai giga 8 ko fiye. Kile ɗaya yana zuba wa inji ko nawa ne, wannan halal ne, domin lasisin ba a kan kile yake ba. Wanda za a goge, a tayar da shi daga kilen. In ya nemi lamba kuma injin yana da lasisin dijital, a danna "Je n'ai pas de clé de produit", a zaɓi nau'in da yake da shi a da. Mai lamba a BIOS ma ba zai tambaya ba, da kansa zai zaɓa. Wanda kuma ake son fayiloli da manhajojinsa su tsira, a buɗe kilen daga cikin Windows 10 a danna setup.exe.

A nan akwai tarko ga injunan gwanjo. Don a riƙe manhajoji, dole harshen ISO ya zama ɗaya da ainihin harshen da aka zuba Windows da shi, ba wanda ke bayyana a allo ba. Laftof da ta fito daga Amurka tana iya nuna Faransanci alhali gindinta Ingilishi ne. In ka kawo ISO na Faransanci, zaɓin riƙe manhajoji zai dushe ya ƙi dannuwa. Rubuta dism /online /get-intl ka ga harshen asali kafin ka kashe gigoginka. Haka kuma nau'in Famille Unilingue ba ya yarda a ƙara masa harshen allo na biyu, sai dai a sake zuba shi da harshen da ake so. Bayan an gama, a Windows Update, cikin zaɓuɓɓukan ci gaba, ka kunna Optimisation de la distribution a kan injunan da ke kan Wi-Fi ɗaya, don wanda ya riga ya sauke sabuntawa ya raba wa sauran.

Wuta ma a sa ta a lissafi, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke sa ɗaukewar ta yawaita. Laftof a cika batirinta a bar ta a jone. Ta tebur kuwa kada a fara mata wannan aiki ba tare da na'urar riƙe wuta ba. Yankewar wuta a tsakiyar hawa galibi Windows yana iya komawa baya da kansa, amma yankewa a tsakiyar sabunta BIOS tana iya kashe kat-mer, lasisin OEM kuma ya bi ta.

Abu ɗaya da sabon zubi ke yi a ɓoye: daga 24H2, in ka shiga da asusun Microsoft, Windows yana iya kulle diskin da kansa, har a kan Famille. Mabuɗin ceto mai lambobi 48 yana tafiya asusun da aka shiga da shi. In mai gyara ne ya shiga da nasa asusun don ya gama da wuri, mabuɗin diskinka yana hannunsa, kuma ranar da aka taɓa BIOS injin ya nemi lambobin nan, ba ka da su. Ka shiga da naka tun farko, ka buɗe account.microsoft.com/devices/recoverykey, ka kwafe lambobin a takarda tare da sunan kowane inji.

Kada kuma a haɗa maka Windows da Office a ciniki ɗaya, lasisinsu daban. Microsoft 365 Famille shi ne mai ɗaukar mutum 6, kowa da asusunsa da wurin ajiya tera 1, ana biya duk wata ko duk shekara, amma babu Windows a cikinsa ko kaɗan. Office 2024 na saye ɗaya inji ɗaya yake ɗauka. Office 2016 da 2019 an daina kula da su rana ɗaya da Windows 10. Masu Mac ba su da wannan lissafin na tsarin aiki, Apple ya daina karɓar kuɗinsa tun 2013.

In binciken ya fito yadda nake zato, abin da za ka tanada shi ne kusan jaka 95 na Famille ɗaya da ladan banki, kile USB mai giga 8, data kamar giga 15 zuwa 20 don ISO biyu, na Windows da na Linux, da sabuntawa, da diski na waje in ba ka da inda za ka kwashe fayiloli. In HP ko Lenovo har yanzu tana kan tsohon diski mai juyawa, ragowar kuɗin ka sa a SSD mai giga 256 da ƙarin RAM zuwa giga 8, domin Windows 11 a kan giga 4 da diski mai juyawa yana tashi, amma buɗe Chrome kaɗai sai ka jira shi.